Alƙalin Gem da Tsohuwar Japan

Duk wanda ya ce masara da shinkafa kaɗai ƙasar Tudun Wada take fitarwa, to bai taɓa gamuwa da Injiniya Badamasi ba. Allah ya yi wa garin nan baiwa iri-iri, amma da aka zo kan Injiniya sai aka cika mudun har yana zuba. Mutum ne dogo, mai tumbi daidai misali, mai gilashi biyu, ɗaya a ido, ɗaya a goshi yana jiran ranar aikinsa. Ba wanda ya san makarantar da ta ba shi injiniyancin, kuma ba a tambaya. Wanda ya taɓa tambaya, shekara huɗu ke nan ba a sayar masa da cajar waya a shagon Injiniya ba. Abin da aka sani dai shi ne Injiniya ya taɓa gyara fankar masallacin unguwarsu, ta yi sati guda tana zuƙe iska maimakon ta bayar.

Cikakken muƙaminsa, kamar yadda yake rubuce a allon shagonsa, shi ne Alƙalin Alƙalan Gem na Bebeji, Kiru, Tudun Wada da Doguwa. Mai fenti ya so ya tsaya a kan Alƙali, Injiniya ya sa aka ƙaro katako. A gabansa ana ce masa Mai Hatimi. A bayan idonsa kuwa sunansa Sambal, saboda tun ranar da ya samu muƙamin nan bayansa bai sake lanƙwasawa ba, in ka cire salla, wadda ba yadda zai yi da ita. Takalminsa na zura ƙafa ne, don kada ɗaurin igiya ya sa shi sunkuyawa. Dattawan gari kuwa ya ɗauke musu wahalar doguwar gaisuwa. Daga kan babur yake ɗaga musu yatsu biyu, ya ƙara wuta. Ya ce haka ake yi a ƙasashen da suka ci gaba. Wannan tausayi da yake yi wa tsofaffi, ba kowa ne ya fahimce shi ba.

Ga wanda bai san gidan gem ba, shago ne mai talabijin biyu ko uku da benci, inda samari da waɗanda suka ƙi yarda sun wuce samartaka suke zama su buga ƙwallo da yatsu. Akwai irinsu talatin da huɗu a ƙananan hukumomin nan. Shekara shida da suka wuce iyaye suka yi ca a kan wani wasa da ya shigo da mata marasa isassun tufafi. Masu gidajen suka taru suka kafa ƙungiya, suka yanke cewa ba za a ƙara sa sabon wasa ba sai mutum ɗaya ya duba shi ya buga masa hatimi. Ana cikin tunanin wa za a ɗora wa wannan nauyi, sai Badamasi mai sayar da caja ya zura hannu a aljihu ya fito da hatimi sabo fil, da sunansa a jiki. Ashe tun sati biyu kafin taron ya sa aka sassaƙa masa. Irin wannan hangen nesa ba a ja da shi, aka ba shi. Duk shekara bayan girbi ake sabunta masa, kuma bai taɓa samun abokin takara ba.

Hatimin nan shi ne Injiniya gaba ɗayansa. Saboda shi ake ba shi kujerar roba mai hannu a wajen biki, saboda shi ake kiran sunansa a lasifika bayan na kansila. In ka raba shi da hatimi, abin da zai rage maka mai caja ne mai gilashi biyu. Shi ma ya san haka, shi ya sa yake kwana da shi a ƙarƙashin matashi.

A damanar bana Abdulbasit, mai gidan gem a Ƙofa kuma sakataren ƙungiya, ya dawo daga Kano da wani sabon wasa ɗan Japan. Sunansa a rubuce yake da irin rubutun nan nasu mai kama da sawun kaji, ba wanda ya iya karantawa, don haka aka raɗa masa Tsohuwar Japan, saboda wata tsohuwa da ke cikinsa. Ba ƙwallo a ciki, ba bindiga, ba tseren mota. Kai ne wani masinja mai jakar wasiƙu, an aike ka wani ƙauye a kan dutse inda mutanen gari suka ɓace rana ɗaya, fatalwowinsu suka ci gaba da zama a gidajen. Wasiƙa ɗaya ce a jakarka, kuma sai ka nemo mai ita. Dokar ƙungiya ta yarda a gwada sabon wasa wata guda kafin a yanke masa hukunci. A cikin watan nan wasan ya gama da mutane.

Zauren hira na ƙungiya a waya, wanda har 'yan wasa suke ciki, ya cika da ra'ayoyi. Habu tela daga Kiru ya ce tun da ya ji kukan da ke fitowa daga rijiyar cikin wasan ya daina leƙa ta gidansa, sai dai matarsa ta ja ruwa. Ya ba wasan tara bisa goma, ya cire ɗaya saboda dariyar da take yi masa. Malam Audu, malamin firamare a Bebeji, ya ce da ya kai wurin da fatalwar wani manomi take ta zuba iri a gonar da ba za ta tsira ba, sai da ya ajiye ya share ido, don mahaifinsa ya tuna. Wani mai awon hatsi a Ɗansoshiya ya ce shi fatalwa ba ta dame shi ba, gonakin shinkafar ne suka tsaya masa a rai, yadda aka yanka su hawa-hawa a jikin dutse, kuma yana neman wanda ya san irin takin da suke sawa. Mutanen Doguwa suka ce dajin wasan bai kai nasu duhu ba, amma an lura duk sun juya bencinsu yana kallon ƙofa. Wasu suka ce masinjan ya cika sanyin jiki, fitilarsa kuma ta fiye mutuwa. Wasu suka ce ai daɗin ke nan. Aka yi ta musu har aka fara zagin iyaye, alamar wasa ya karɓu.

Injiniya ya bar su suka gama, sannan ya aiko da layi ɗaya: "Ra'ayi na 'yan wasa ne, hukunci na Alƙali ne."

Kuma a gaskiya wa ya fi shi cancanta? Sanin Japan a wurin Injiniya abu ne na gado. Rediyon mahaifinsa ɗan Japan ne. Babur ɗinsa ɗan Japan ne, in ji wanda ya sayar masa. Ya taɓa goya wani injiniyan hanya ɗan ƙasar Sin zuwa kwanar gari, suka yi hira da hannu, kuma tun daga ranar yake cewa, "Mu da muka zauna da mutanen nan."

Ya ɗauki wasan ya shiga ofis, wato bayan labulen shagonsa, ya ce kada a neme shi kwana uku. Ba wanda ya taɓa ganin Injiniya yana buga gem, don ya ce alƙali ba ya bincike a gaban jama'a. Amma labule ba bango ba ne, kuma ga abin da ya faru a bayansa.

Wasan ya buɗe da ruwan sama. Masinja ya sauka daga mota, ya bi wata 'yar siririyar hanya har ƙofar gidan farko. Ya shiga zaure. Zauren nan ƙasarsa biyu ce: ta bakin ƙofa mai taɓo, da ta ciki wadda aka ɗaga aka shimfiɗe da tabarmi. A kan tabarmin wata 'yar tsohuwa ce zaune, furfura har gadon baya, da fitila a gabanta, a bayanta kuma ƙofar takarda a rufe. Injiniya ya tura masinja gaba. Masinja ya ɗora takalmin but ɗinsa mai taɓo a kan tabarma, ya nufi ƙofar kamar ba kowa a wurin. Tsohuwa ta ɗago kai. Wuyanta ya fara tsawo, gashinta ya bazu ya rufe talabijin, aka ji wata ƙara kamar ana yanka akuya a cikin tulu. Duhu ya rufe, aka mayar da shi bakin mota.

Injiniya ya sauko da gilashin goshi ya ɗora a kan na ido. Ya sake. Ya bi ta dama, ta kama shi. Ya bi ta hagu, ta kama shi. Ya shiga da sauri, ya shiga da ƙasaita, ya tsaya a kanta yana kallonta ido cikin ido don ta san da wa take magana. A karo na arba'in maƙwabcinsa mai faci ya ji shi yana ce wa talabijin, "Ke kin san ko ni wane ne?"

Ya gwada duk maɓallan da ke jikin hannun gem ɗin, abin nan da ake riƙewa ana dannawa. A waje kan hanya ya danna wani ƙarami, sai ga masinja ya durƙusa, gwiwa a ƙasa, kai a sunkuye. Injiniya ya saki hannun kamar ya taɓa garwashi. "Ba dai a hannuna ba," in ji shi. Ya yanko salatif baƙi ya liƙe maɓallin, don kada yatsa ya yi kuskure ya zubar masa da mutunci.

Ran kwana na uku ya fito idanu jajur, ya aika wa ƙungiya saƙon murya na minti goma sha ɗaya. Minti huɗun farko tarihin rayuwarsa ne. Sannan ya shiga magana.

"Ni Injiniya Badamasi, bayan bincike mai zurfi na sa'a saba'in da biyu, na gano cewa wannan wasa yaudara ce ta ƙasa da ƙasa. Na farko, gajere ne. Minti uku ne da daƙiƙa ashirin, na auna da agogona. Na biyu, ɗaki ɗaya ne kacal a cikinsa. Na uku, wanda ya fi ɓata mini rai, babu tarbiyya. Tsohuwa ta ga baƙo ya sha hanya, ba sannu da zuwa, ba ruwan sha, sai miƙa wuya. Wannan shi za mu koya wa 'ya'yanmu? Mu da muka zauna da mutanen nan mun san ba haka suke ba a da, lalacewar zamani ce ta same su. Na ba shi sifili bisa goma, shi ma don ruwan saman ya yi kyau ne. Hatimina ba zai taɓa shi ba. Duk gidan da na samu da shi bayan ƙarshen wata, ya fita daga ƙungiya."

Mutanen zaure suka saurari saƙon har ƙarshe. Sannan Habu tela ya rubuto, "Ranka ya daɗe, rijiyar fa?" Malam Audu ya ce, "Injiniya, ina ce dai ka haye gadar?" Mai awon hatsi ya tambaya ko Injiniya ya lura da takin. Injiniya ya amsa musu gaba ɗaya cewa babu rijiya, babu gada, babu shinkafa, kuma duk wanda ya ga waɗannan abubuwa jabu aka sayar masa. Daga nan ya kulle zauren, ya zama shi kaɗai ke iya magana a ciki. Kwana biyu yana yi wa kansa barka da safiya.

A satin ya fita rangadi. A Kiru ya tarar da gidan gem cike, Habu tela ya bar ɗinkin mutane yana tsakiyar wani daji a talabijin, wata mata marar fuska tana bin sa da laima. Injiniya ya tsaya ya kalla, bakinsa ya ɗan buɗe.

"Wannan kuma wane wasa ne?"

"Ai shi ne, ranka ya daɗe. Tsohuwar Japan."

"Ba shi ba ne. Ina tsohuwar?"

"Ai an wuce ta tuni."

"Ba a wuce ta," in ji Injiniya. Ya ciro takarda ya rubuta cewa an kama wasa na biyu marar izini a Kiru, shi ma ya ba shi sifili.

Abdulbasit mutum ne mai kunya, kuma Injiniya abokin yayansa ne. Wasan nan shi ya cika masa shago a damanar da kowa ke gona, amma bai so a kai ga tozarci ba. Ya hau babur daga Ƙofa har Tudun Wada, ya cire takalmi a bakin labule, ya durƙusa ya gaida Injiniya. Injiniya ya amsa da hanci, yana duba wata caja.

"Yaya, dama cewa na yi, wurin tsohuwar nan, in mutum ya isa bakin tabarma, akwai wani abu da ake dannawa..."

"Abdulbasit, shekararka nawa?"

"Talatin da ɗaya, Yaya."

"Ina danna abubuwa tun kana cikin tsumma. Ni za ka koya wa danne-danne?"

Abdulbasit ya ba da haƙuri ya tashi. Ya yi iyakar abin da ɗan mutunci zai yi, kuma ni shaida ne. Amma masu gidaje talatin da uku ba duka ne masu kunya ba. Da aka gama girbi, lokacin sabunta hatimi ya zo, suka aiko da takarda cewa bana sai an tattauna. Injiniya ya ji haushi ƙwarai, kuma haushin ne ya sa shi yin abin da bai taɓa yi ba. Ya ce a fito da talabijin bainar jama'a. Zai buga wasan da hannunsa, kowa ya ga inda ya ƙare. In ya ƙare a minti uku, hatimi nasa ne har abada, ba sauran sabuntawa. In kuwa akwai wani abu bayan tsohuwar nan, ya ajiye. Shi ya kawo sharaɗin, shi ya sa aka rubuta, shi ya buga masa hatimi.

Aka yi taron ranar kasuwa bayan azahar, a rumfar da ke gaban shagonsa. Aka tayar da janareto, aka ɗora babbar talabijin a kan buhunan masara. Masu gidajen gem da 'yan wasansu suka cika benci, 'yan kasuwa suka yi da'ira, masu jiran cajin waya suka matso. Injiniya ya fito da babbar riga mai aiki har ciki, ya zauna a kujerarsa mai hannu, ya zaro hannun gem ɗinsa daga wata jakar fata.

"Jama'a, ku lura da kyau, don ba kullum ake ganin ƙwararre yana aiki ba. Ga ruwan sama, shi ne na yaba. Ga masinja. Ku dubi yadda nake tafiyar da shi, kai a sama, ƙirji a gaba, kamar ɗan babban gida. Ga zaure. Ga ta nan, marar tarbiyya. To ku buɗe ido."

Masinja ya taka tabarma da taɓonsa. Wuya ya miƙe, gashi ya bazu, ƙara ta tashi. Wata mai sayar da awara ta yi salati ta kifar da faranti. Duhu ya rufe.

Injiniya ya duba agogo. "Minti uku da daƙiƙa goma sha takwas. Yau ma na fi sauri. To, ina rijiyar? Ina gadar?"

A kan benci aka shiga kallon juna. Habu tela ya cusa hularsa a baki. Malam Audu ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa suna rawa. Sai a lokacin suka gane inda Alƙalinsu ya kwana wata da watanni. Su duk sun wuce wurin nan a gwaji na biyu ko na uku, ba tare da sun ɗauke shi a bakin komai ba. Wallahi a wannan lokaci na ji tausayinsa, don shi kaɗai ne a rumfar bai san abin da ke faruwa ba.

Abdulbasit ya miƙe ya ce a ba shi hannun ya gwada. Injiniya ya ɗaga yatsa.

"Ba ɗayanku da zai taɓa. Na san ku, kun haɗa baki, kun koyo wata satar hanya a intanet. In gaskiya ake so, a kawo wanda bai taɓa riƙe wannan abu ba. Ni zan zaɓa."

Ya bi taron da kallo ta gilashi biyu, har idonsa ya sauka a kan wani mutum mai malafa da sanda a kafaɗa. Mamman ke nan, makiyayi daga wajen Doguwa, magidanci mai furfura a gemu, wanda ya kawo bijimi kasuwa ya tsaya karɓar wayarsa a wurin caji. Injiniya ya yi murmushi, don a ganinsa ya samu wanda zai mutu tun kafin minti uku.

"Kai, Bafulatani, zo nan. Ka san gem?"

"Ban san shi ba, Alhaji. Ɗan ina ne?"

Aka yi dariya. Mamman ya jingine sandarsa, ya tsuguna a gaban talabijin, don ya ƙi zama a benci alhali akwai waɗanda suka girme shi a tsaye. Injiniya ya miƙa masa hannun gem da yatsu biyu, ya nuna masa na tafiya da na juyawa. Mamman ya jujjuya abin, ya ga baƙin salatif.

"Wannan ciwo ya ji?"

"Wannan ba shi da amfani."

Amma Mamman mutum ne da ba ya barin kaska a jikin saniya. Ya sa farce ya ɓamɓare salatif ɗin, ya danna, ya ga masinja ya durƙusa a cikin ruwa. Ya sake dannawa, ya miƙe. "To, to," in ji shi, ya gyaɗa kai.

Tafiyar tasa abin dariya ce. Ya kai masinja cikin kwata, ya haɗa shi da bishiya, ya yi minti biyu yana zagaya mota. Injiniya yana ta yi wa jama'a sharhi a kan bambancin ilimi da jahilci. Da ƙyar aka isa ƙofar gida. Mamman ya yi sallama da ƙarfi, aka sake yin dariya. Ya shiga zaure. Yana ganin tsohuwar ya ɗauke yatsansa daga na tafiya.

"A'a. Ashe da mutum."

"Wuce mana," in ji Injiniya. "Ga ƙofa can."

"In wuce ta, Alhaji? Da takalmi?"

Ya matsa da masinja a hankali har bakin tabarma, ya danna ƙaramin maɓallin nan. Masinja ya durƙusa. Mamman ma ya ɗan rusuna daga inda yake tsugune, ya fara da gaisuwar Fulatanci, ya ce, "Jam nyalli, Inna. Mun same ku lafiya? Ya gida, ya ruwa?"

A talabijin masinja ya kwance igiyar but ɗinsa, ya jera su a gefe, ya sunkuyar da kai. Tsohuwa ta ɗago. Mai awara ta rufe ido. Amma wuya bai miƙe ba. Tsohuwa ta dubi masinja, ta dubi takalman, ta gyaɗa kai sau ɗaya. Ta ɗauki fitilarta ta miƙa masa da hannu biyu, ƙofar takarda ta zame da kanta. Ga ƙauye nan shimfiɗe a bayanta: gidaje, gada, rijiya, gonakin shinkafa hawa-hawa har cikin gajimare. Mai awon hatsi ya yi tsalle yana nunawa.

Sai hoton ya dushe. Aka ji ganga, aka ji sarewa. Wani ƙaton rubutu ja ya taso a tsakiyar talabijin, da wani ƙarami na Turanci a ƙasansa.

"Kun gani!" Injiniya ya miƙe tsaye. "Ya ƙare! Ga rubutun ƙarshe nan!"

Malam Audu ya goge hawayen dariya, ya matsa kusa ya karanta. "Injiniya, wannan sunan wasan ne da rubutunsu. Na ƙasan kuma cewa ya yi babi na ɗaya. Yanzu za a fara."

Rumfa ta ɗauka. Habu tela ya faɗo daga benci. Sa'a saba'in da biyu na bincike, saƙon minti goma sha ɗaya, rangadin ƙananan hukumomi huɗu, sifili biyu, duk a kan wasan da Alƙalin Alƙalai bai kai ga ganin sunansa ba.

Amma babban mutum ba ya faɗuwa haka kawai. Injiniya ya gyara riga, ya jira hayaniya ta lafa.

"Jama'a, abin da kuka gani yanzu shi ne ainihin dalilin da ya sa na hana wasan nan. Na san da wannan maɓalli tun ranar farko. Ni na rufe shi da hannuna. Ni Injiniya Badamasi, mai muƙami a ƙananan hukumomi huɗu, in durƙusa wa fatalwa? Fatalwar ma ta wata ƙasa?"

Mamman ya miƙa wa Abdulbasit hannun gem, ya ɗauki sandarsa. "Ni ban san fatalwa ba ce, Alhaji. Tsohuwa na gani a bakin ƙofarta. A ba ni wayata, shanu na jira."

Abdulbasit ya ajiye hannun gem. Ya buɗe takardar sharaɗi ya shimfiɗa a kan tebur, hatimin Injiniya ɗaram a ƙasanta. Injiniya ya dubi takardar, ya dubi benci, bai ga fuskar da za ta cece shi ba. Ya zura hannu a aljihu, hannun ya daɗe a ciki. Da ya fito da hatimin ya ajiye, sai na ga rigar ta yi masa yawa.

A gefen rumfar, inda masu kayan miya suke baje kolinsu, wata tsohuwa mai daddawa ta ga komai daga kan tabarmarta. Gwaggo Rabi ce, yayar mahaifin Badamasi, wadda ta karɓe shi yana jariri bayan rasuwar uwarsa. Ta yafito Mamman, ya zo ya tsuguna, ta ƙulla masa daddawa uku a leda ta sa masa albarka. Sannan ta ɗaga murya, ba Injiniya, ba Alƙali.

"Badamasi."

Ya juyo a tsaye, sambal.

"Shekara shida ina zaune a nan, kana wuce ni da takalmi da yatsu biyu. Ban taɓa miƙa maka wuya ba, don ni na goya ka." Ta nuna talabijin da haɓa, ta ci gaba da jera daddawarta. "Ita waccan ba ita ta goya ka ba."